Gurbin da Malam Haliru Ya Ƙi Bari

A Gusau, bayan tashar mota, akwai wani ciki da falo da aka kafa wa doguwar gora a kan rufi, wayoyin eriya sun bazu a samanta. Mai hayar ɗakin shi ne Malam Haliru Gidan Jibo, wanda mutane ke kira Mai Oba-oba. Kada ka kuskura ka kira shi haka a gabansa. Zai cire tabarau, ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ko ka ga kakin ɗan sanda a jikinsa. Rediyonsa ba na 'yan sanda ba ne, ba kuma na jin labarai ba. Na masu sha'awa ne, irin wanda sai mutum ya ci jarrabawa hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, sannan ya zauna a ɗakinsa ya yi hira da wani a Japan ko Brazil, wanda shi ma sha'awar ce ta zaunar da shi. Shekara talatin da biyar yana yi wa mutane wannan bayani, ba wanda ya daina kiransa Mai Oba-oba.

An haife shi a Gidan Jibo, wani ƙauye mai gida arba'in a kudu da Tsafe. Ubansa manomin dawa ne. Da ya gama firamare ya tafi Gusau ya sami aiki a wata masaƙa, sashen masu gyaran wuta. Wata rana aka aike shi gidan wani injiniya Bature ya gyara fanka. Yana kan tsani ya ji wata murya tana fitowa daga akwati, Baturen yana amsa mata, wai daga Kanada take. Fankar nan ta yi mako ba ta gyaru ba, don kullum sai Haliru ya ce akwai abin da ya manto a shago. Baturen ya gane shi, ya zaunar da shi ya koya masa, da zai koma ƙasarsu kuma ya bar masa akwatin.

Masaƙar ta mutu yadda masaƙun ƙasar nan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu manyan riguna suna kallo. Haliru ya tattara ya koma ƙauye, ya auri Hussaina, ya kama gonar ubansa. Ranar kasuwar Tsafe ya shimfiɗa buhu ya gyara wa mutane rediyo da tocila. Da la'asar kuwa, in ya dawo daga gona, sai ya haɗa akwatinsa da batirin mota ya kira duniya.

Masu irin wannan rediyo ba sa damuwa da sunan garinka, lambar gurbi suke tambaya. An ɗauki duniya kaf an zana ta gurbi-gurbi kamar filin dara. Harufa biyu na farko su nuna babban yanki, lambobi biyu su nuna gida a cikin yankin, harufa biyu na ƙarshe su nuna ɗan ƙaramin gurbi, wanda a ƙasarmu faɗinsa gabas da yamma kilomita tara ne, kudu da arewa kuma huɗu da rabi da 'yan kai. In na ba ka nawa ka ba ni naka, kowa zai ɗauki biro ya lissafa nisan da ke tsakani, ya san iya inda muryarsa ta kai. Haliru ya aro tsohuwar taswirar masu safiyo, ya yi kwana uku a kanta da rula, ya fito da nasa: JK31lu.

Wanda bai san Gidan Jibo ba ba zai gane abin da lambar nan take a wurinsa ba. Ƙauyen ba ya cikin taswirar da ake ratayewa a makaranta. Ba titi, ba asibiti, ba gidan waya, 'yan siyasa kan tuna da shi sau ɗaya a shekara huɗu, su zo da atamfa da sabulu su tafi. Amma ga shi yana da adireshi a duniya, harufa shida cif, daidai da na Landan. Ƙari a kan haka, iyakar sanin Haliru shi kaɗai ne mai rediyo a gidan JK31 gaba ɗaya. Akwai masu tara gidajen nan, kowane gida da suka yi magana da shi sai su nemi katin shaida daga mai gidan, in sun cika adadi a ba su takardar yabo. Don haka da ya buɗe baki ya ce JK31, sai ka ji Turawa suna rige-rigen kiran wani manomi mai faso a ƙafa. Bai taɓa ba wa kowa kati a kan hirar da ba a yi ba, har an san shi da haka.

Sai ɓarayin daji suka zo. Da farko shanu ne, daga baya mutane, daga baya suka hana noma. Wata ranar damina, da hantsi, suka tarar da ƙanensa Aliyu a gona yana noman maimai suka harbe shi, shi da mutum takwas. Da aka faɗi labarin a rediyo ba a ko ambaci sunan garin ba, sai aka ce wani ƙauye a yankin Tsafe. Wani ƙauye! Washegari bayan jana'iza garin ya watse. Haliru ya naɗe akwatinsa a zanen Hussaina ya ɗora a ka, dawarsa kuwa tana gona ya bar ta a tsaye.

A nan lissafi ya zame masa abokin gaba. Tsakanin Tsafe da Gusau akwai wani layi da ba a gani da ido, layin digiri goma sha biyu. Duk abin da ke kudu da shi JK31 ne, abin da ke arewa JK32. Ba wanda ya fi Haliru sanin wannan, shi da a da in ya shiga motar Gusau yakan taɓo na kusa da shi ya ce yanzu muka tsallaka, mutumin ya dube shi kamar mai taɓin hankali. Ɗakin da ya kama haya yana JK32hd. Ya lissafa tun makon farko, ya yaga takardar. Ranar da ya kafa gorarsa ya kunna akwati, wani daga Italiya ya tambaye shi gurbinsa, sai bakinsa ya ce JK31lu. Bai gyara ba ranar, bai gyara ba washegari, haka ya yi ta faɗa har shekara biyu.

Mutum ɗaya ne ya san ƙarya ce, Malam Tajuddeen na Bunguɗu, tsohon malamin lissafi a sakandare, wanda Haliru da kansa ya koya wa rediyon. Daga Bunguɗu yana jin duk abin da ake faɗa. Ya yi shiru saboda tausayi, kuma ya san tun da suka gudo Haliru bai aika wa kowa kati ba, magana ce kawai iska take kwashewa.

Wata la'asar sama ta buɗe, kamar yadda suke cewa in murya tana tafiya nesa, wani tsoho daga ƙasar Girka ya kira Haliru. Da ya ji JK31 sai murna ta kama shi. Ya ce shekara ashirin da shida yana tara gidaje, yana da ɗari uku da casa'in da tara, wannan ne cikon na ɗari huɗu, ga shi likita ya ce masa ya daina hawa rufi. Ya roƙi kati. Haliru ya ce za a aiko. A ƙasan akwatin rediyon akwai ragowar tsofaffin katunansa guda shida da suka biyo shi gudun hijira, ya zaro ɗaya ya cike, ya sa hannu.

Kwana biyu bayan haka Malam Tajuddeen ya sauka daga motar Bunguɗu da hantsi. Suka gaisa, Hussaina ta kawo masa ruwa, idonsa yana kan katin da ke bisa tebur.

"Malam Haliru, mi kac ce ma mutumen nan shekaranjiya?"

"Abin da nika ce ma kowa."

"Kana ina sa'ad da kac ce mashi hakanan?"

Tajuddeen ya jawo takarda ya zaro biro daga aljihun gaba, abin da ya fi komai ƙona wa Haliru rai ke nan, wai yau shi za a yi wa darasi.

"Daga gurbin Gidan Jibo zuwa wanga ɗaki, taki bakwai arewa, taki huɗu yamma. Na arewa kilomita talatin da biyu da 'yan kai, na yamma talatin da shida da 'yan kai. Kowane ka ninka shi da kai nai, ka haɗa, ka hiddo tushe. Kai ka koya man. Nawa ke nan?"

"Arba'in da tara, saura kaɗan," in ji Haliru, don ko cikin fushi ba ya iya barin lissafi a buɗe. "To sai mi? Tsakanina da mutumen ya hi kilomita dubu uku. Arba'in da tara cikin dubu uku, shi ag gaskiyar da kat taso tun daga Bunguɗu ka kawo man?"

"Ba nisa shika tarawa ba, gida shika tarawa. Ka ba shi gidan da ba ka ciki."

Haliru ya miƙe tsaye, har kujerar ta faɗi.

"Ba ni ciki? Wa ac ciki? Ubana na ciki! Aliyu na ciki, da hannuna nis sa shi! Ni ban tashi ba, Malam, tada ni anka yi. Ran da nic ce JK32, na sa hannu ke nan na bar masu garin. Gwamnati ta manta da mu, masu labarai sun ce wani ƙauye, ɓarayi suna kiwo cikin gonata. Ni ɗai na rage da ka faɗin garin nan ma duniya kullum la'asar, shi kuma kaka so in bari? Kai kana Bunguɗu, ɗakin da anka haihe ka nan kaka kwana. Mi kas sani?"

Maganar ta soki Tajuddeen, amma bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki katin ya karanta, ya mayar.

"Ban san komi ba. Amma wanga abu sunanshi katin shaida, kuma ga hannunka a kai. Ka hi ni sanin sunan shaidar da mutum ka bayarwa kan abin da bai auku ba."

"Tashi ka bar man ɗaki!"

"Wane ɗaki? Na JK32?"

Ya fita bai sha ruwan ba. Haliru ya bi shi har ƙofar gida yana faɗa, maƙwabta suna leƙe, suna cewa yau kuma Mai Oba-oba da wa.

Da ya dawo ya tarar da Hussaina a tsakar gida tana matsar ƙuli, da shi suke ci tun da suka zo Gusau. Ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ni ban san lissahinku ba, amma na san rijiyar da nika ɗibar ruwa, kuma ba ta Gidan Jibo ba ta. Shekara biyu ka hana ni dasa ko zogale cikin gidan ga, wai gobe mu koma. Da na dasa da yanzu muna cin shi."

Ya ce ita ma ta bi bayan Tajuddeen. Ta ce ita ba ta bi bayan kowa ba, gajiya ta yi.

Kwana huɗu bai kunna akwati ba. Katin yana kan tebur, bai kai shi gidan waya ba, bai kuma yaga shi ba. Fushi yake da ɓarayi, da hukuma, da Tajuddeen, da tsohon Girka da ya rasa gidan da zai nema a duniya sai nasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san an faɗa masa gaskiya, kuma ba abin da ya kai gaskiya ɗaci in ta fito daga bakin ɗalibinka. A rana ta biyar dabara ta zo masa. Ai garin Tsafe kansa yana kudu da layin, cikin JK31 yake. In ya je can ya sake yin magana da tsohon, katin ya halatta, shi kuma bai furta JK32 da bakinsa ba. Ya kira Tajuddeen a waya, ba gaisuwa ba ban haƙuri, ya ce ya aika wa mutumin saƙo ya saurare shi daga ranar Talata, kullum bayan la'asar.

Ya shiga mota da tsakar rana, lokacin da direbobi suka fi yarda da hanyar, akwati a cinya, batir a ƙarƙashin ƙafa. Da suka zo layin bai taɓo kowa ba. Ya sauka a gidan ɗan'uwansa Gambo mai awon hatsi, ya hau soro ya ɗaura gora. Daga saman soron ya hango duwatsun kudu da bakin hanyar da ke zuwa garinsu. Gambo ya ɗaga kai daga ƙasa ya ce, "Yaya, ɗaura abinka ka sauko. Hanyar nan ko kallonta ba a yi."

'Yan Gidan Jibo da suka maƙale a Tsafe suka ji ya zo, suka yi ta zuwa gaisuwa. Kowa da abin da ya ji. An kwashe kwanon rufi, an cire ƙofofi har ta masallaci, ciyawa ta kai ƙirji a dandali. Ba wanda ya gani da idonsa, don ba wanda ya koma. Ya lura ba mai cewa in mun koma, sai dai da muna can. Ɗaya ya zama ɗan acaɓa, ɗaya yana dako a kasuwa, limaminsu yana sayar da rake.

Talata sama ba ta buɗe ba, Laraba ma haka, sai shuuu kawai akwatin yake yi. Ranar Alhamis, ana gama la'asar, muryar tsohon ta fito tar, yana kiran lambar Haliru. Suka gaisa da Turanci. Ya zo wurin faɗin gurbi, Haliru ya duba takardar da ya lissafa a kanta. Dabararsa ta manta da abu ɗaya: harufa shida ake faɗa, ba huɗu ba, kuma gidan Gambo ba lu ba ne, lw ne. Ya faɗa, harafi bayan harafi.

Tsohon ya maimaita, sannan ya ce, "Wancan karon lu ka ce mini. Ka canza wuri ne?"

Nan ne zai iya cewa e ya wuce, ba mai kama shi. Amma ya san Tajuddeen yana Bunguɗu da kunne a jikin akwati, ko ma ba ya ji, shi Haliru yana jin kansa. Ya danna maɓalli.

"Wancan karon ba na lu. Ina Gusau, JK32hd. Abin da na faɗa maka ba gaskiya ba ne, kada ka rubuta shi. Ka rubuta na yau. Lu garina ne, amma shekara biyu ke nan ba na cikinsa."

Tsohon bai gane duka ba, kuma murna ta hana shi tsayawa ya gane. Ya yi godiya ya sake godiya, ya ce ya cika ɗari huɗu. Da yake shi ma ɗan lissafi ne, sai ya ƙara da dariya, "Lu da lw ai taki biyu ne, kilomita tara kawai. Kana kusa da gida, abokina. Ka gaishe su in ka isa anjima."

Haliru ya kashe akwatin ba tare da sallama ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a shekara talatin da biyar. Kilomita tara kawai! A da yakan taka ta da ƙafa ranar kasuwa, da buhun kayan gyara a ka, ya isa kafin rana ta yi zafi. Muryarsa yanzun nan ta tsallake hamada da teku ta shiga ɗakin wani mutum da bai taɓa gani ba, shi kuwa da ƙafafunsa biyu an hana shi tara. Ya zauna a kan tabarmar Gambo yana tsine wa waɗanda suka yi wannan da waɗanda suka bari aka yi, har muryarsa ta dushe. Gambo bai hana shi ba.

Da safe ya kwance gorarsa. Ya ɗauki ɗaya daga tsofaffin katunan, ya soke harafin ƙarshe da biro ya rubuta na gaskiya a sama, ya sa kwanan watan Alhamis. Yana isa Gusau ya kai shi gidan waya. Daga can bai wuce gida ba, ya tsaya a shagon wani mai buga katin biki, ya rubuta masa abin da yake so a takarda: lambar kiransa, sunansa, Gusau, JK32hd. Mai shagon ya karanta ya tambaya ko lambar mota ce. Haliru ya ce ya buga kawai yadda ya gani, kada ya taɓa harafi ko ɗaya.

"Guda nawa za a buga, Baba?"

A cikin mota ya riga ya yanke hamsin, abin da zai kai shi kaka, kafin nan Allah ya kawo sauƙi. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tsaya. Shekararsa sittin da huɗu. A shekarar da sama ta yi kyau yakan aika kati ɗari.

"Buga dubu."

Mai shagon ya ɗago kai. "Dubu, Baba? Mutum nawa za ka gayyata?"

"Ba biki ba ne. Ɗari nika aikawa a shekara."

"To ai wannan sai ya kai ka shekara goma."

"Na iya lissahi," in ji Malam Haliru. Ya ɗauki akwatinsa ya fita, bai tambayi ranar da za a gama ba.